Agogo Mai Hannu Uku

Anselme Garrigou ya kai shekara hamsin da uku a duniya, ya gina tashar jirgin ƙasa talatin da huɗu, kuma da za a ɗaure masa ido a kai shi gaban ɗaya daga cikinsu a kwance masa, sai ya nemi allon sunan gari kafin ya san inda yake. Ba laifinsa ba ne. Kamfanin da yake wa aiki yana da wani littafi mai koren bango, an zana tashoshi iri huɗu a ciki. Babban gari ƙofa bakwai, mai bi masa biyar, sai uku, sai ƙauyen da rabonsa ƙofa ɗaya ce da bayan gida a gefe. Aikin mai zanen gini shi ne ya je ya dubi gari, ya auna darajarsa da ido, ya buɗe shafin da ya dace, ya miƙa wa magina. Saboda wannan ne Garrigou ya yi shekara bakwai a makarantar zane ta Paris, ya ƙara biyu a Roma yana auna ginshiƙan mutanen da suka mutu tun shekara dubu biyu.

Bai taɓa shakkar kansa ba, wannan kam sai a ba shi. Ya san shi gwani ne kamar yadda mutum ya san sunan uwarsa, kuma rashin mai tabbatar masa da haka bai hana shi barci ba. Matarsa Honorine ce kaɗai ke ganin zanen da yake yi ranar Lahadi bayan cin abinci, hasumiyoyi da manyan zauruka waɗanda ba wanda ya ce a yi. Takan leƙa ta ce, "Ya yi kyau, Anselme," ta kwashe kwanuka.

A shekarar 1866 layin dogo ya iso Plougarvan, can ƙarshen yankin Bretagne a yammacin Faransa, ya tsaya a nan don ƙasa ta ƙare, sai teku. Babban injiniyan kamfani, Vasseur, mutumin da ke ganin duk dutsen da ba ya ɗauke da wani dutse a kansa zaman banza yake, ya kira Garrigou ofis. Ya ce tunda nan ne ƙarshen layi, manya suna son a ga alama. A yi hasumiya, da agogo.

"Ɗaya fa na ce. Kuma kada ka saba."

Garrigou bai ko feƙe fensir ba. Gida ya je ya ja durowa ya zaro takardar da ta yi shekara goma sha huɗu tana jira.

Kafin watan Yuli hasumiya ta tashi, da dutsen ƙasar mai launin toka, siririya, ba ado ko ɗaya sai wani zagayayyen rami a can sama da ke fuskantar kasuwa. Magina suka ɗaura damin furanni a ƙololuwarta yadda suka saba in gini ya kai ƙarshe, suka sha giyar tuffa da sunansa. Kullum da safe Garrigou kan fito daga masauki ya tsallaka filin da ke gaban tashar, ya juya, ya zuba hannu a baya ya yi ta kallo. Bai taɓa samun abin gyara ba, ko da yake a gaskiya bai nema sosai ba.

A nan Magajin gari ya same shi wata safiya. Kerbrat sunansa, mai masana'antar kifin gwangwani da ke bakin ruwa, gajere ne mai faɗi, ƙamshin man soya kifi kan riga shi isa ko'ina.

"Yallaɓai mai zane, barka da hantsi. Wannan ramin fa? Tattabaru za ka kiwata mana?"

"Agogo ne zai shiga, ranka ya daɗe. Faɗinsa taku bakwai. Masunta ma daga cikin ruwa za su gan shi."

"Madalla, madalla. Lokacin wa zai nuna?"

Shekara goma sha huɗu Garrigou yana tare da wannan agogo a takarda. Ya san kaurin bakinsa, ya san siffar lambobinsa, ya san inuwar da zai yi da la'asar. Bai taɓa tunanin cewa zai nuna wani abu ba. A wurinsa agogo da'ira ce da fuskar gini ke buƙata, kamar yadda fuskar mutum ke buƙatar hanci. Hannayen da ya zana masa ma ya tsayar da su ne a inda suka fi kyau.

"Lokacin kamfani mana," ya ce. "Na Paris."

Kerbrat ya yi murmushin mutumin da ya san amsa tun daga gida. Rana tana isa Paris kafin ta iso Plougarvan da minti ashirin da shida, haka Allah ya tsara, kuma ba wanda abin ya taɓa dama, don babu mai zuwa Paris a rana ɗaya. Garin yana bin ƙararrawar coci, ƙararrawar coci tana bin rana.

"Bari in gane," in ji Kerbrat. "Ina da mata ɗari da tamanin suna yanka kifi, tagoginsu duk suna kallon hasumiyarka. Su ɗaga kai su ga sha biyu, su ajiye wuƙa su tafi cin abinci, ƙararrawar coci tana can ko tari ba ta yi ba. In lokacin dawowa ya yi kuma su ce ai su da coci suke aiki, su ba arna ba ne. Ka san matan garin nan kuwa?"

"Ranka ya daɗe, ƙasa gaba ɗaya..."

"Ƙasa gaba ɗaya ta zo ta yanka min kifi. Ku mutanen Paris kun aiko mana da haraji mun karɓa, kun aiko da alƙali mun ba shi gida, yanzu tsakar rana za ku aiko mana a jirgi? Muna da tamu, mun gode." Ya buga sandarsa a ƙasa. "Wannan filin da kake tsaye a kai na gari ne. Ba a yanka titi ba tukuna. In agogon nan ya nuna lokacin Paris, wallahi kabeji zan sa a shuka har bakin ƙofarka, fasinjoji su shigo ta teku."

Garrigou ya rubuta wa Vasseur, da tabbacin kamfani zai taka wannan mai sayar da kifi. Vasseur ya zo da kansa bayan kwana uku, ya saurara, ya ɗaga kai ya dubi hasumiyar sau ɗaya.

"Ai abin ba wuya. Dokarmu ta ce agogon waje ya nuna lokacin Paris. Gari ya ce bai yarda ba. Mu kuma titi muke so. To, babu agogo. In babu agogo me hasumiya take yi a nan? A sauke ta zuwa tsayin rufi, a koma shafi na biyu, ƙofa biyar. Dutsen ma zai yi amfani a ɗakin kaya."

"Yallaɓai, an riga an ɗaura mata furanni."

"Sun bushe ai. Zan dawo Alhamis ta sama. In kun shirya da Magajin gari, to. In ba haka ba ka sa a kafa katakon hawa, a fara sauke ta."

Ko a lokacin Garrigou bai yi zaton hasumiyarsa za ta faɗi ba. Abin da ya gani shi ne an kewaye shi da mutanen da ba su da ido, kuma dole a lallaɓa su. Ya zauna a masauki gaban wainar baƙar alkama da man shanu mai gishiri, ya yi tunani irin na mai ilimi, ya samo mafita: tunda agogon tasha ba zai bi coci ba, coci ya bi agogon tasha. Mutum ɗaya ne kawai ke taɓa agogon coci. A tura shi gaba minti ashirin da shida, kaɗan-kaɗan cikin mako guda, wa zai sani?

Mutumin shi ne Cozic, tsohon mai gyaran agogo, wanda ya gaji aikin daga ubansa. Garrigou ya same shi a cikin coci dab da tsakar rana, a durƙushe, ba addu'a yake ba. Akwai wani siririn layi na tagulla da aka kafe a daɓen cocin, akwai kuma ɗan rami a bango can sama. Ɗigon haske na ratsowa ta ramin yana rarrafe a ƙasa. Cozic na riƙe da agogon aljihu yana jira.

"Baba Cozic, sannu da aiki. Magana nake tafe da ita."

"Shiru tukuna."

Ɗigon ya taɓa tagulla. Cozic ya danna wani abu a agogonsa, ya miƙe da ƙyar yana dafa benci.

"Sha biyu ke nan. Ina jinka."

"In ba a yi rana ba fa? Garin nan ai sai a yi mako uku ana ruwa."

"Sai mu jira ta. Ba inda za ta."

Garrigou ya yi bayaninsa a tsare, da ƙasa-ƙasa da murya saboda wurin. Cozic ya saurara har ƙarshe yana goge gwiwar wando.

"Ni ba ni da matsala, ɗana. In tura agogo abu ne mai sauƙi, da yatsa ɗaya ma. Amma wancan ɗigon wa zai tura? Fada, limamin cocin nan, da kansa yakan zo ya duba. Tsofaffin mata ma sun san lokacin da yake hawa layi, da shi suke ɗora miya. Ka je ka shirya da rana, in ta yarda ni ma na yarda."

"To hasumiyata za a rushe ke nan."

"Kai, kai. Da an yi asara, tana da kyau. Daga tagata nake ganinta." Wannan shi ne yabo na farko da wani wanda ba Honorine ba ya taɓa yi masa, Garrigou kuwa ya karɓe shi kamar saƙon da ya daɗe a hanya. Cozic ya laluba aljihu ya fito da wata takarda mai hatimin kamfani. "Amma ni ku ne kuke ba ni mamaki. Ni aka ba aikin kafa agogunan cikin tasha. Karanta min nan, ko idona ne."

Garrigou bai buƙaci karantawa ba, kowa a layin dogo ya san wannan. Agogon waje lokacin Paris, agogon ciki, wanda jirgi ke tashi da shi, a mayar da shi baya minti biyar, don fasinjan da ya taho a guje ya samu ya hau. Haka ake yi a kowace tasha, an saba har ba a gani.

"Wato a bakin ƙofa sha biyu, ka taka taku goma ka shiga ciki ka tarar saura minti biyar," in ji Cozic. "Ku da kuka ajiye gaskiya biyu a gida ɗaya ba su taɓa faɗa ba, ta uku ce za ta gagare ku?"

Garrigou ya tsaya. Ya dubi tsohon, ya dubi ɗigon hasken da ya riga ya bar layi ya kama gabansa. Daga baya, duk sanda ya ba da labarin nan, yakan ce dabarar ta faɗo masa ne yana kallon haske a daɓen coci. Ba ƙarya ya yi ba, haske yake kallo. Cozic dai ba ya fitowa a labarin.

"Baba Cozic, agogo ɗaya zai ɗauki dogon hannu biyu?"

"In an haɗa su a gindi ɗaya, me zai hana? Tare za su riƙa juyawa, tazarar ba za ta canja ba har abada."

"Kafin Alhamis?"

"In ka daina tsayawa a kaina."

Ranar Alhamis fuskar agogon na jingine da bangon tasha a ƙasa, fara tas, ta fi Magajin gari tsawo. Garrigou ya sa an lulluɓe ta da zanin gado, don ya san darajar buɗe abu a gaban mutane. Vasseur ya zo da ɗan littafin dokoki a aljihu. Kerbrat ya zo da 'yan majalisarsa biyu, waɗanda aikinsu shi ne gyaɗa kai. Aka janye zani. Gajeren hannu ɗaya, dogaye biyu: ɗaya baƙi, ɗaya an shafe shi da ruwan zinariya, tsakaninsu minti ashirin da shida.

"Wannan kuma mene ne?" in ji Vasseur.

"Yallaɓai, me doka ta ce?"

"Agogon waje zai nuna lokacin Paris."

"Ga shi yana nunawa. Baƙin hannu."

"Wancan mai ƙyalli fa?"

"Ado ne."

"Ado?" Kerbrat ya yi tsalle kamar an taka masa ƙafa. "Lokacin kakanninmu ne ado?"

Garrigou ya juya gare shi ba tare da ya canja fuska ba. "Ranka ya daɗe, matso ka auna da hannunka. Na Plougarvan ya fi na Paris tsawo da yatsa huɗu. Kuma zinariya ce. Duk faɗin ƙasar nan ka nuna min inda aka taɓa ba Paris baƙin ƙarfe aka ba wani gari zinariya."

Kerbrat ya matsa ya auna. Yatsa huɗu cif, da nasa yatsun masu kauri ma. 'Yan majalisa suka leƙa ta kafaɗarsa suka fara gyaɗa kai, sannan suka tsaya su ga inda zai faɗi.

"Matan fa? Za su ga duka biyun."

"Haba, ranka ya daɗe. Wace mace ce za a ajiye wa zinariya da baƙin ƙarfe ta dubi ƙarfe?"

Vasseur ya riga ya buɗe littafinsa yana bin layi da yatsa. "Lokaci biyu a tasha ɗaya. Ba a taɓa yi ba."

"Yallaɓai, ƙarfe nawa a agogonka?"

"Goma da kwata."

"Leƙa ta ƙofar nan ka ga na ciki. Jiya Baba Cozic ya kafa shi bisa takardarka."

Vasseur bai leƙa ba, ya san abin da zai gani. Ya daɗe yana kallon shafin. Dokar ta faɗi abin da agogo zai nuna, ba ta faɗi abin da ba zai nuna ba, kuma Vasseur mutum ne da ke girmama doka har a wuraren da ta yi shiru. Ban da haka, rushe hasumiya na buƙatar a cika takardu.

"Ado," ya ce, ya rufe littafi. "Haka zan rubuta."

"Ka rubuta abin da ka ga dama," in ji Kerbrat. "Gobe za a fara yanka titi."

Ba wanda ya tambayi gajeren hannu na wane ne, Garrigou kuma bai tuna musu ba. Cozic ya warware wannan shi kaɗai a saman tsani: ya ajiye shi a tsakiya, minti sha uku daga kowane, yadda zai yi wa Paris da Plougarvan ƙarya daidai wa daida.

Aka sa bikin buɗe tasha ranar Lahadin farko ta Satumba, jirgin manya zai iso ƙarfe sha ɗaya. Takardar gayyata ba ta faɗi sha ɗayan wa ba. Jirgi ya shigo da tutoci a goshinsa, yana huci, daidai da agogon ciki. A kan dandamali akwai Garrigou cikin baƙar kwat, akwai Cozic, akwai shugaban tasha da wani kare. Masu busa, da Fada da ruwan albarkarsa, da majalisa, da mata ɗari da tamanin cikin fararen huluna, duk suna can bakin coci suna shirya sahu, suna duban hannun zinariya wanda ya tabbatar musu da sauran minti ashirin da ɗaya.

Manya suka sauko suna waige-waige. Vasseur ya fito da agogonsa, ya cire minti biyar ɗin, ya ga jirgi bai yi lattin ko daƙiƙa ba, ya ji daɗi, don a wurinsa bikin ya riga ya yi kyau. Ya fita ƙofa ya ɗaga kai ya dubi hasumiyar, wannan karon ya ɗan jima.

"Ba ta yi muni ba."

Can sai ga kiɗa daga kasuwa, ana busa ana gudu. Kerbrat na gaba, ɗamararsa mai launi uku ta karkace, ya iso yana haki ya hau mumbari. A jawabinsa ya yi wa baƙi maraba, ya kuma yafe wa jirgin da ya yi gaggawa, ya ce baƙo ne, zai saba. Garrigou bai ji rabin jawabin ba. Yana can tsallaken sabon titi, hannu a baya.

Matan masana'anta kuwa tun ranar Litinin suka gane agogon fiye da duk wanda ya yi shi. Da baƙin hannu suke tashi, da na zinariya suke dawowa.

A watan Nuwamba, a Paris, Vasseur ya sake kiransa. Sabon bugu na koren littafi na kan tebur. Vasseur ya buɗe masa da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Bayan shafi na huɗu an ƙara na biyar: tasha mai hasumiya, agogo mai hannu uku. Zanensa ne layi da layi, har inuwar la'asar. A ƙasa, inda ake sa suna, an sa sunan kamfani.

"Manya sun ji daɗi ƙwarai. Duk garuruwan yamma rigimar nan suke yi mana, ka kashe ta da guntun ƙarfe ɗaya. Sha ɗaya muke so kafin shekara biyu. Ga sunayen garuruwan. Ba sai ka wahalar da kanka ba, shafi na biyar kawai za ka buɗe."

Ranar Lahadi bayan cin abinci Garrigou bai zana komai ba. Ya shimfiɗa taswira a kan tebur, ya ɗauko ma'auni, ya bi garuruwan nan sha ɗaya ɗaya bayan ɗaya yana rubuta lamba a gefen kowanne. Honorine ta tsaya a bayansa.

"Ai sai ka yi murna. Sun so abinka."

"Sun so shi sau sha ɗaya." Bai ɗago ba. Ya gama na ƙarshe, ya bi lambobin da bakin fensir, sannan ya jingina da kujera ya tura mata takardar. "Duba nan. Wannan minti sha huɗu. Wannan sha tara. Mafi nisa a cikinsu ashirin da biyu. Za su yi hasumiya, za su shafa zinariya, amma hannayen a tsuke za su zauna. Ashirin da shida babu, kuma ba za a taɓa yi ba, sai in kamfani ya shimfiɗa dogo a kan teku. Ba iri ɗaya ba ne ko kaɗan. Duk mai ido zai gani."

Honorine ta leƙa takardar.

"Ya yi kyau, Anselme," ta ce, ta kwashe kwanuka.